Tsagar Ginshiƙin Ɗakinmu na Laranto

Tun da yanzu kowa ya zama mai ba da labarin gidanmu, har da waɗanda ba a haifa ba a lokacin, gara ni ma in faɗi nawa tun bakina yana motsi. Na ji abin da ake gaya muku in kun je zumunci Kafanchan. Wai uwarku mai taurin kai ce, ta kwantar da marayu a ƙarƙashin itace mai tsaga don kada a ce ta ji magana, sannan ta bi wata mata har gida ta ƙwace yarinya daga hannunta, matar da Allah bai ba haihuwa ba. Taurin kai kam ina da shi, ba sai an aiko daga Kafanchan an sanar da ku ba, kun sha shi tun kuna ƙanana. Amma abin da ya faru a shekarar saba'in da takwas yana da gaba yana da baya, kuma ni ce na kwana a ɗakin.

Ɗakin da kuka tashi a cikinsa a Laranto ba don kwana aka gina shi ba tun asali. Kakanku, mahaifin babanku, ya zo Jos zamanin haƙar kuza. Da ya ga jikinsa ba na rami ba ne, sai ya gina ɗaki mai faɗi inda matarsa take sayar wa leburori tuwo. Faɗin ya yi yawa, katakon da ya ratsa tsakiya ba zai iya ɗaukar rufin shi kaɗai ba, shi ya sa aka kafa masa ginshiƙi a tsakar ɗakin. Itacen ƙirya ne, baƙi, mai kauri, kansa ya rabu biyu ya yi gwafa. A cikin gwafar nan babban katakon ya kwanta, sauran katakai da kwanon rufi duk a kansa suke. Da aka raba gida bayan rasuwar tsohon, ɗakin ya faɗa hannun babanku, ɓangaren zaure kuma ya zama na wansa, Baffanku Haruna. A ɗakin aka kawo ni amarya daga Toro, a ciki na haife ku ku huɗu. A jikin ginshiƙin muke rataye fitila, shi kuka dafa kuka koyi tafiya, bayansa Sani yake ɓuya in ya yi ɓarna, wai tun da shi ba ya ganina ni ma ba na ganinsa.

Babanku ya rasu a haɗarin mota a hanyar Bauchi, ƙarshen daminar saba'in da bakwai, sai takabata ta faɗo cikin tsakiyar sanyi. Ku da kuke kukan sanyi yanzu ba ku san sanyin Jos ba. A wancan lokacin in ka tsoma hannu a randa da safe sai ka ji kamar yatsunka za su tsinke. Ba fita nake yi ba, don haka tun asuba kaskon gawayi yana gindin ginshiƙin nan, ku kuna kewaye da shi, ni ina saƙa rigunan sanyi na jarirai, maƙwabciyarmu tana kai mini kasuwar Taminus ta sayar. Wata da watanni itacen yana shan zafi ta gefe ɗaya. Akwai wata 'yar siririyar tsaga a jikinsa da na tarar tun ina amarya, ko allura ba ta shiga, ban taɓa tsayawa na dube ta sau biyu ba.

Washegarin fitata takaba Baffanku Haruna ya shigo da hantsi ya gaishe ni. Ku kun san shi da ɗingishi yana kamasho a tashar Laranto, ba ku san inda ya samo ɗingishin ba, don ba ya faɗa. Da ƙuruciyarsa aikin rami ya yi a wajen Bukuru, irin ramin da ake shiga ƙarƙashin ƙasa ana tokare shi da itatuwa. Wata rana ramin ya rufta. Shi aka jawo da karyayyar ƙafa, abokan aikinsa ba a fito da su ba. To ranar ya zauna a bakin tabarma, na durƙusa ina gaishe shi, sai ginshiƙin ya yi ƙara, ƙas, kamar an karya rake. Kafin in ɗaga kai mutumin nan mai ɗingishi ya suri Sani da Ladi, ɗaya a kowace hammata, ya watsa su tsakar gida, ya dawo ya finciki yayarku, yana daka mini tsawa in fito da goyo. Na fito da auta a baya, ɗankwali a hannu. Muka yi cirko-cirko muna jiran ɗaki ya faɗi. Ɗaki bai faɗi ba, kaji ma suka ci gaba da kiwonsu. Da na leƙa, sai na ga tsagar nan ta buɗe tun daga wajen gwiwa har ta wuce kaina, gefen yatsa yana shiga. Shi bai leƙa ba. Gumi ne yake zubo masa a cikin sanyin nan.

"Ba mai sake kwana a ɗakin nan," in ji shi. "Na taɓa jin irin wannan ƙarar, Rabi. Waɗanda suka tsaya dubawa ranar har yau suna ƙarƙashin ƙasa."

Muka koma ɗakin matarsa muka cunkushe a can, ya aika Kafanchan aka kira ƙanwarsa, Gwaggonku Asabe, wadda babanku yake bi. Suka zauna a zaure suka yi shawara, sannan aka kira ni in ji. A ganinsa, canja ginshiƙin sai an yaye rufi gaba ɗaya, ba halin yin haka ga damina tana tahowa, kuma ba wani ɗaki a gidan. Don haka Sani zai zauna a hannunsa. Babbar, Gwaggo Asabe za ta tafi da ita. Ni in koma gidanmu Toro da Ladi da auta, in Allah ya kawo mini wani aure a dawo da Ladi dangin uba. Ba da mugunta suka faɗa ba, ku ji da kyau. Haka ake yi da marayu, haka aka yi da ni ma a gidan kawuna na wani lokaci, kuma na san yadda 'yan ɗaki ɗaya suke zama baƙi ga juna in an raba su. Ina durƙushe ina jin yadda ake rarraba ku kamar naman layya, kuma duk hujjar da ake da ita itace ne. Na ce na ji, na tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi kuka a gabansu ba.

Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne ni 'yar masassaƙi ce. Ubana turmi da taɓarya da akushi yake sassaƙawa a Toro, a cikin ɓawon itace na yi rarrafe. Na sha ganin mata sun dawo masa da turmi suna faɗa wai ya tsage, ya juya shi ya duba, ya ce su je su ci gaba da dakansu, bushewa ce. A wurinsa na ji cewa tsagar da ta bi tsawon itace daban take da wadda ta gitta shi. Ta tsawo, itace ne yake fitar da sauran ruwan jikinsa, ƙarfinsa yana nan. Ta gicciye kuwa karaya ce, ita ake gudu, da ruɓewar gindi, da gara. Amma turmi ba ya ɗauke da rufi a kan 'ya'yan mutum, ni ma na san wannan. Da rana tsaka, Baffanku yana tasha, na ba matarsa riƙon auta na shiga ɗakin ni kaɗai. Na bi tsagar da ido daga ƙasa har sama, miƙe take sak, ba ta karkata ba. Na zura tsinken tsintsiya, ya shiga kaɗan ya tsaya, ke nan ba ta ratsa ta fita ta baya ba. Na tona gindin da wuƙa na caka, wuƙa ta ƙi shiga, ba laushi ba garin gara. Na ɗauko taɓarya na ƙwanƙwasa shi zagaye, yana amsawa da ƙarfi ko'ina. Sannan na lura tsagar a daidai gefen da kaskon gawayi yake zama ta buɗe.

Da yamma na je na durƙusa a zaure, na zayyana masa duk abin da na gani. Ya saurare ni har na gama, ya ce a rami ma itacen da ya kashe mutane kyakkyawa ne a ido. Na ce Yaya, itacen rami ƙasa ce take danne shi kullum tana ƙara nauyi, wannan kuwa kwanon da yake ɗauke da shi tun zamanin Baba shi ne dai har yau, ko ƙusa ba a ƙara masa ba. Matarsa, baiwar Allah, tana so ta raba gardama, ta ce ai sai a kwaɓa siminti a cike tsagar a shafe, kowa ya huta. Ni da shi muka ce a'a a tare. Ni don na san siminti ba ya riƙe itace, sai dai ya tara masa danshi. Shi kuma ya ce ba a rufe wa itace baki, in ka rufe ba za ka ga lokacin da yake ƙara buɗewa ba. A nan na samu ƙofa. Na ce to tun da haka ne a bar shi ya nuna mana da kansa. Zan kwaɓa laka in shafa ta a gicciye a kan tsagar, ƙasa da tsakiya da sama. Laka in ta bushe ba ta da haƙuri, ko kaɗan itacen ya motsa za ta tsage. A ba ni damina ɗaya. In laka ta tsage, na yarda da duk abin da suka yanke.

"Kuma a ina za ku kwana kafin nan?" ya tambaye ni.

"A ciki, Yaya."

Ya ce ba zai ɗaure ni ba, ni ba yarinya ba ce, amma in sani ƙafarsa ba za ta taka ɗakin ba, kuma in wani abu ya faru ni da Allah. Na ce na ɗauka. Sai Gwaggo Asabe, da take gefe, ta gyara zama ta ce ita dai ba za ta koma Kafanchan hannu biyu ba. In na ga dama in kwanta da uku a ƙarƙashin abin, amma a ba ta Bilki ko da zuwa ƙarshen damina ne, kada zuriyar ƙaninta ta ƙare a dare ɗaya. Ta san inda ta kama ni. Yayarku ita ce 'yar fari, kuma a tarbiyyar da aka yi mana uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, balle ta buɗe baki a gaban surukai ta ce a bar mata shi. Ko ruwa zan aike ta sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Da Sani ta ambata ko Ladi, wallahi da an ji mu har tasha. Amma wannan, harshena ya yi nauyi. Na ga kuma in na ƙi, daminar da na roƙa za ta suɓuce, a raba ku duka a ranar. Na sunkuyar da kai na ce zuwa ƙarshen damina. Na maimaita don kowa ya ji, zuwa ƙarshen damina. Washegari na ɗaure mata kayanta a ɗankwali, na sa mata rigar sanyin da na saƙa, ban raka su tashar jirgi ba don ba a yi. Na shiga ɗaki na kwaɓa lakata, hawaye yana zuba a ciki.

Kada wani ya gaya muku ban ji tsoro ba. Na ji. Na mayar da shimfiɗarku jikin bango kusa da ƙofa, tawa tabarmar na kai ta gindin ginshiƙin, don in da abin da zai faɗo ya fara da ni. Kaskon gawayi na kore shi can lungu. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan koko sai na duba lakar nan, ta ƙasa da ta tsakiya da ido, ta sama in hau turmi. Har Sani ya koya, shi ma ya riƙa ɗage kai yana cewa Inna ba ta fashe ba. Mutanen unguwa kuwa sun samu abin yi. Wata ta ce aljanu ne a cikin itacen, a yanka baƙin zakara. Wani ya ce in ɗaure shi da igiyar rijiya. Matan da suke zuwa karɓar saƙa sai su tsaya a bakin ƙofa su miƙo hannu, ba sa shigowa. Na yi kunnen uwar shegu da su duka. Baffanku ya cika maganarsa, bai taka ɗakin ba, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Amma kullum in zai fita tasha sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi layin rufin, ko ya lotsa. Da ruwa ya sauka sosai sai na ga tsagar ma ta ɗan matse, itacen ya sha danshi, na fara sakin jiki.

Can cikin damina aka yi wani ruwa da la'asar, irin na Jos mai ƙanƙara da iska. Ƙanƙara tana dukan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai, iska tana ɗaga rufin tana saukewa, ina jin katakon yana motsi a cikin gwafa. Na tara ku a bakin ƙofa na rungume har aka ɗauke. Da gari ya waye na duba. Ta ƙasa lafiya, ta tsakiya lafiya. Na hau turmi na duba ta sama. Lakar sama ta tsage, siririyar tsaga kamar gashi, kuma bakin tsagar itacen ya ɗan hau, ya doshi tsakiyar gwafa. Wannan kam ba bushewa ba ce. Katakon ne da iska ta girgiza yake buɗa gwafar, in aka bar shi wata rana zai tsaga kan ginshiƙin biyu. Na sauko na zauna a kan turmin. Ba wanda ya gani sai ni, ga sauran laka a bayan ɗaki, shafa ɗaya ta isa. Na san kuma abin da na yi alkawari a zaure: in laka ta tsage, a raba ku. Na dube ku kuna shan koko a ƙarƙashin abin. Na ɗauki mayafina na nufi zaure kafin ya fita.

"Yaya, lakar sama ta tsage."

Ya ajiye butar da take hannunsa. Ya ce, "Da kin yi shiru wa zai sani?"

"'Ya'yana ne a ƙarƙashinsa," na ce. "Ba gardama nake so in ci ba, su nake so in riƙe. Jikin itacen lafiyarsa lau, a nan ban canja magana ba. Kansa ne yake son ɗauri. Ni na san itace amma ban san tokara ba, kai ka sani. Ka zo ka duba mini, in ka ce ba ya gyaruwa, na yi shiru."

Ya biyo ni. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, ya dafa bango, na ga gumin nan ya sake keto masa. Na kawar da kai don kada ya ga na gani. Ya daɗe a haka, sannan ya cire takalmi ya yi bisimilla ya shiga. Mai ɗingishi ya hau turmi, ya shafa gwafar da hannu, ya kara kunne a jikin itacen ya sa na ƙwanƙwasa masa daga ƙasa. Ya sauko ya tona gindin da kansa. Da ya gama ya ce a fitar da yara, yau ba zai je tasha ba. Ya samo wani itace mai ƙarfi ya kafa kusa da ginshiƙin, ya riƙa buga masa ƙaramin katako mai tsini a ƙasa a hankali, yana bugawa yana saurare, har nauyin rufin ya koma kan sabon itacen, gwafar ta saki ta matse. A nan na ga aikin da ya yi a rami, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya aika tasha aka kawo wani maƙeri da guntun sifirin na mota, aka lanƙwasa shi gida biyu, aka rungume wuyan ginshiƙin da shi a ƙasan gwafa, aka ɗaure da noti tam. Sannan ya sassauta tokarar kaɗan kaɗan ya mayar wa ginshiƙin kayansa. Maƙerin ya tambaya ko a ɗaure tsakiya ma inda tsagar ta fi faɗi. Baffanku ya dubi tsagar, ya dube ni, ya ce a bar wannan, ba ruwanta. Da hannunsa ya kwaɓa sabuwar laka ya shafa a sama.

Sauran daminar shi yake hawa turmin, ba ni ba. Laka ba ta sake tsagewa ba. Ranar da aka fara yankan dawa, ruwa ya ɗauke sarai, ya shigo ya duba na ƙarshe, ya zauna a bakin tabarma inda ya zauna ranar farko, ya ce ɗaki ya zaunu, yara su zauna da uwarsu. Na yi godiya, amma ban tashi ba. Ya gane. Ya ce maganarsa a kan ɗaki take, ya cika ta. Amma shiga tsakanin Asabe da yarinya, wannan ya fi ƙarfinsa. Ta sa ta a makaranta, ta yi mata ɗinki, duk Kafanchan an san tana da 'ya yanzu. Kuma a danginsu ba a taɓa ba gwaggo riƙo an dawo an karɓa ba, abin kunya ne. Ya ce in yi haƙuri, ai uku suna hannuna. Na ce Yaya, huɗu na haifa, kuma a gabanka na ce zuwa ƙarshen damina. Ya ce ba zai raka ni ba, ba zai kuma hana ni ba. Na bar Sani da Ladi wurin matarsa, na goya auta na hau jirgi.

Ku yi wa Gwaggonku Asabe adalci ko bayan ranta. Ta riƙe yarinyar nan da kyau. Na same ta ta yi ƙiba, an yi mata kitso, ga takalmi a ƙafarta, abin da ni ban iya saya mata ba. Asabe ta karɓe ni da fara'a, ta kawo ruwa ta kawo abinci, tana ta ba ni labarin makaranta don kada in samu wurin sa baki. Maƙwabtanta suka shigo gaishe da baƙuwa suka cika ɗakin, na san kuma ba haka kawai suka taru ba. Ta lissafa cewa a gaban mutane ba zan iya ba. Da na ce damina ta wuce, sai fuskarta ta canja. Ta fara kuka, ta ce ni Allah ya ba ni huɗu, ita ko ɓari ba ta taɓa yi ba, yanzu ɗayar ma da take jin motsinta a ɗaki zan ɗauke? Wata tsohuwa a cikinsu ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin uwa ta biyo 'yar fari ba, wannan wace irin rashin kunya ce. Na ji tausayin Asabe har cikin raina, har yau ina ji. Daga ranar ba ta sake taka gidanmu ba, bikin yayarku ma ba ta zo ba, ta rasu ba mu shirya ba. Wannan nauyin ni na ɗauko shi, kuma da za a mayar da ni ɗakin nan yau, abin da na yi shi zan sake yi.

Asabe ta share hawaye ta ce to a tambayi yarinya, ta tabbata takalmi da makaranta za su yi mata magana. Aka kira ta daga tsakar gida. Ta shigo ta durƙusa nesa da ni kamar yadda aka koya mata, kanta a ƙasa. Asabe ta ce Bilki, nan kike so ko Jos? Yarinyar ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika, muryarta can ƙasa.

"Inna, ɗakin ya faɗi? Su Sani suna nan?"

Ashe tun ranar da aka finciko ta daga ɗakin ba wanda ya gaya mata komai. Duk ruwan da aka yi a daminar nan, yarinyar tana can tana jin sa a kan kwanon wani gida, tana zaton ya danne mu. Na dubi tsohuwar da ta yi maganar kunya, na dubi Asabe, na miƙe tsaye da goyona.

"Bai faɗi ba, kowa yana nan," na ce. "Bilkisu, tashi ki ɗauko kayanki."

Yarinyar ta tsaya tana kallon bakina, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta daga gare ni ba. Sannan ta tashi da gudu, ta bar takalman a bakin ƙofa.